Shok ɗin gaban mashin ɗina: sau biyu na kwance shi a gida kafin yoyon ya tsaya

Mashin ɗin nan shekara biyar kenan yana hannuna, irin mai cc 100 ɗin nan ne da kusan kowane gida ke dashi a ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura, kuma ni ba hawan gayu nake masa ba, shine jakina shine motata. Dashi nake kai taki gona, dashi nake ɗauko buhun riɗi da gero, ranar Lahadi in ɗaura kaya in nufi kasuwar Gujungu, in an samu ɗan abin sayarwa har Maigatari nake kaiwa ranar Alhamis. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san rabi yashi ne rabi kwazazzabo, da damina kuma ga taɓo ga ruwa kwance, toh abin da ke shanye wannan wahalar kafin ta iso hannunka da ƙugunka shine shokozoban gaba, wanda muke cewa shok. Nawa ya fara yoyo bayan damina, na kwance shi a gida har sau biyu, na farko aikin bai yi ba na biyu ya yi, kuma abin da ya raba tsakaninsu shi nakeso in rubuta dalla-dalla, saboda ina ganin 'yan uwa da yawa suna canza sil, wato zoben robar da ke hana man shok fita, suna sake canzawa suna ta zagin kayan kasuwa, alhali ciwon yana wani wajen daban.

Wajen ƙarshen watan 10 ana tsakiyar yankan riɗi na lura ƙafar shok ɗin ta hagu kullum a jiƙe take daga ƙasan robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sandar shok ɗin, ƙura ta manne a wajen ta yi baƙi ƙirin, in na goge da tsumma washegari ta dawo. Ban ɗauke shi a bakin komai ba saboda aiki ya yi yawa. Sai gaban ya fara nutsewa sosai in na kama birki, in na faɗa rami kuma sai inji ƙwas, ƙarfe ya bugi ƙarfe har cikin kafaɗata, a yashi kuma kan mashin ɗin ya riƙa rawa yana neman ƙwacewa. Ranar da hankalina ya tashi ina dawowa daga Gujungu da yamma, akuya ta tsallako min titi, na damƙe birkin gaba naji bai ci yadda ya saba ba, Allah ya kiyaye na baya ne ya tsayar dani. Da na iso gida na duƙa na duba, ashe man da ke gangarowa daga shok ɗin ya bi jikin ƙafar har ya isa wajen birki ya samu hanya ya shiga. A nan na san maganar ta wuce ta jin daɗin hawa, ta koma ta rai, balle da mashin ɗin nake kai yara asibiti in ta kama.

Kafin in shiga labarin aikin bari in faɗi abin da ke cikin shok ɗin, don wanda bai san me ke ciki ba in ya buɗe zai rikice. Ko Boxer ne ko Jincheng ko Haojue ko TVS, ƙananan mashinan nan kusan ginin gabansu ɗaya ne. Ƙafa biyu ne, kowace ƙafa akwai sanda mai sheƙi ta sama, ita ce ke shiga tana fita a cikin ɓangaren ƙasa na alminiyam wanda taya ke ɗaure a jikinsa, ni kube nake ce masa don kamar wuƙa da kubenta suke. A cikin sandar akwai dogon sifirin, shi ke ɗaukar nauyi. A can ƙasa akwai wata gajeriyar sanda mai ƙananan ramuka a jikinta, wani kawu nawa tsohon mai gyaran mashin fistin yake ce mata, an ɗaure ta da noti mai ramin alanki, wato sifanar nan mai kusurwa shida da ake cusawa cikin kan noti, daga gindin kuben ta waje. Sai mai. In taya ta bugi rami sandar ta nutse, dole man ya matsu ya bi ta waɗannan ƙananan ramukan, wannan matsuwar ita ke rage saurin nutsewa da saurin dawowa. Wato sifirin ɗauka yake, mai kuma shi ke ladabtar da sifirin, in babu mai mashin tsalle kawai zai ta yi kamar ƙwallo. Abin da ke hana man fitowa ta bakin kube shine sil, zoben roba ne mai ƙarfe a ciki, leɓensa ya rungume sandar, akwai ɗan siririn sifirin a zagaye da leɓen yana ƙara matse shi, sannan wani kilif na waya ya danne shi a mazauninsa. Leɓen nan siriri ne ƙwarai, abu kaɗan ke yanka shi, kuma duk labarin nan nawa a kansa yake.

Dalilin da yasa ban kai gari ba, na farko tun da aka cire tallafin mai a watan 5 na 2023 komai sai ka lissafa, zuwa da dawowa da kuɗin aiki da wunin da zaka rasa a gona. Na biyu kuma na sha tsayawa ina kallon yadda ake aikin ranar kasuwa, a ƙasa ake zube kayan cikin ƙura, mashina goma na jira, ba laifin kowa bane yanayin ne haka, amma ni dai raina bai kwanta ba. Sannan muna da kawu, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana gyaran mashin a Kano lokacin da acaɓa ke tashe, da gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a mashin a cikin birni a watan 1 na 2013 aiki ya ja baya sai ya tattaro ya dawo gida noma, har yau akwatin sifanunsa na nan. Sai dai lokacin da na tashi yin aikin ya tafi Haɗeja dubiya, na aika aka karɓo min akwatin a wajen iyalinsa, nace ai na sha gani ana yi.

Aikin farko ni da ƙanena muka yi shi a tsakar gida da hantsi, iska na kaɗawa. Ƙafar hagu kaɗai na cire tunda ita ke yoyo. Na buɗe murfin sama na zare sifirin na zubar da man a ƙasa ban ma kalle shi ba, da na zo kwance notin gindi sai ya riƙa juyawa shi da fistin ɗin tare, ya ƙi fita ya ƙi ɗauruwa, mun fi awa ɗaya a kansa kafin dabara ta zo mana muka fiƙe sandar darbejiya muka cusa ta sama muka danne. Na ɓanɓare tsohon sil da sukundireba, na buga sabo, na goge sandar da gefen rigata na mayar. Mai kuma ragowar baƙin man inji 20W50 da ke cikin galan na tsiyaya da ido har naga ya kusa cika, a tunanina gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Robar da ke rufe sandar ta tsage ta baya tun cikin damina, na gani, na mayar da ita haka nan nace sai wani zuwa kasuwar.

Kwana biyun farko naji daɗi don ƙwas ɗin nan ya daina, amma gaban ya yi tauri kamar an sa itace, kowane ɗan dutse sai naji shi a wuyan hannu, kuma in na kama birki kan sai ya ɗan murɗa gefe saboda ƙafa ɗaya tauri ɗaya laushi. Kwana tara cif ƙafar ta sake jiƙewa, har ma fiye da da. Abin da na fara cewa shine an sayar min da jabun sil.

Da kawu ya dawo naje gaishe shi na kwashe labari na faɗa masa, ya bari sai da na gama tas sannan yace, ɗana da ka zare sandar ka bi ta da farce? Nace a'a kawu, na dai goge ta. Yace man da ya fito wane kala ne, nawa ne yawansa? Nace a ƙasa na zubar. Yace to ai ba ka yi bincike ba, kaya kawai ka canza, ka sayo sil guda biyu da robobi biyu da takalmin birki da man shok na gaskiya, ranar Talata bayan asuba zan zo, kuma kada ka taɓa komai kafin in iso. Da zan sayo sil ɗin yace in tafi da tsohon a aljihu in karanta lambar da ke jikinsa, lamba uku ce a jere, ta farko faɗin ramin ciki wato kaurin sandar, ta biyu faɗin waje, ta uku tsayinsa, duk a milimita, nawa 30 ne na farkon. Mai shago zai iya miƙo maka wanda ya yi kama a ido amma milimita ɗaya ta bambanta, wannan ɗayar kuwa ta isa.

Ranar Talata abu na farko da ya yi ya bani mamaki, cewa ya yi a fitar da aikin daga tsakar gida a kai zaure, aka share aka yayyafa ruwa a ƙasa saboda hunturu ya fara busawa, aka shimfiɗa buhu biyu wankakku, ya sa aka kawo faranti babba na zuba ƙananan kaya. Yace tsakar gida akwai murhu kuma za mu yi aiki da kananzir, ga kaji ga yara, kilif ɗaya in ya yi tsalle ya faɗa yashi an gama. Muka kafa mashin a kan sitan ɗin tsakiya, muka ɗora buhun gero a kariya, wajen ɗaura kaya ta baya, don gaban ya ɗaga, muka tura turmi ƙarƙashin inji muka sa katako a kai. Ya girgiza shi da hannu biyu ya tabbatar ba zai faɗo ba sannan ya ja kujera ya zauna, yace kai za ka yi, ni baki ne nawa.

Wajen jerin aikin ne na gane inda na wahalar da kaina a karon farko. Tun mashin na tsaye komai a ɗaure yace in fara sassauta murfin saman kowace ƙafa, sassautawa kawai ba cirewa ba, saboda a lokacin wuyan mashin na riƙe da sandar gam, in ka bari sai ka zare ta ba abin da zai riƙe maka ita sai ka kai ga matse ta da filaya ka ji mata ciwo. Sannan muka cire wayar birki da wayar mita, muka zare shaf, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, muka fitar da taya, muka cire madigadi, muka sassauta notunan da suka maƙale sandunan a wuya, kowace ƙafa ta zamo ƙasa da ɗan murɗawa. Kafin in zare ya sa na yi alama da ƙusa a jikin maƙalin, ba a jikin sandar ba, don in san daidai inda kowacce take zaune. Sai babban sirrin, notin gindi ana karya ƙarfinsa ne tun sifirin na ciki, domin sifirin ɗin ne ke danne fistin ya hana shi juyawa. Muka kifa ƙafar, ƙanena ya danna ta ƙasa da ƙarfinsa a kan katako, na sa alanki na zura masa guntun fayif na fizga sau ɗaya, ɗas, ya saki. Abin da ya cinye min awa guda bai kai minti ɗaya ba. Ta dama ce ta ɗan yi gardama don ba a taɓa buɗe ta ba tun daga kamfani, ita sai da muka koma ga sandar darbejiyar nan.

Wajen cire murfin sama yace, kau da fuskarka, danna da tafin hannu kana juyawa, zaren ƙarshe in ya saki sifirin zai turo shi. Ya ce ya taɓa ganin yaron shago da murfi ya fasa wa leɓe. A ƙananan mashina ƙarfin ba wani mai yawa bane amma ido ba ya son ko kaɗan.

Man kowace ƙafa daban ya sa na juye a cikin gorar ruwa da aka yanke, ina tura sandar ina jawowa har ya gama tsiyaya. Na hagu, wanda ni na zuba, ya kusa ninka na dama yawa, kuma kwana goma sha kawai amma har ya yi toka-toka da ɗan ƙyalli-ƙyallin yashi a ƙasan gorar. Na dama kuwa baƙi ne mai wari, ya tsinke kamar ruwa, shekara biyar ba a canza ba. Kawu ya ɗaga gorar hagu yace kaga laifi na farko, shok ba a cika shi, dole a bar iska a sama domin ita ma iskar aiki take, in sandar ta nutse iskar ce ke matsuwa, mai ba ya matsuwa, in ka cika shi ba inda ƙarfin zai tafi sai kan sil. Ga kuma kauri, ramukan fistin an yi su ne don mai mara kauri sosai, baƙin man inji da sanyin safiya kafin ya wuce ta ramin nan ka riga ka sha bugun. Yace a zamaninsu in ba man shok jan man giyar mota suke sawa, kuma tsofaffin littattafan Honda ma shi suke cewa a sa, amma tunda na samo man shok mai lambar kauri 10W shi za mu zuba.

Da muka zazzage kayan ciki ya sa na jera su a kan buhu yadda suka fito, na hagu a hagu na dama a dama, ba a haɗawa. Dogon sifirin, fistin da ɗan ƙaramin sifirin ɗinsa, wani ɗan ƙoƙon alminiyam da ke zama a ƙarshen fistin a can gindin kube, sai notin da washarsa ta jan ƙarfe. Ɗan ƙoƙon nan yakan maƙale a ciki mutum bai san dashi ba sai ya faɗo wajen wanki, shi ke tare bugun ƙarshe in shok ya nutse gaba ɗaya. Dogon sifirin kuma gefe ɗaya zagayensa a matse yake gefe ɗaya a buɗe, yace in lura da wanne ne a sama in mayar haka. Muka jera sifirin biyun kai da kai a ƙasa, tsayinsu ɗaya, da ɗaya ya gajarce da sai an canza duka biyun.

Sai aka zo kan sanda, nan ne kawu ya tashi daga kujera. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma ya wanke sandar hagu da kananzir ya goge ya riƙa bin ta da farcen babban yatsa a hankali yana juyawa, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Can ya tsaya yace kawo hannunka. Na sa farce naji ya ɗan maƙale. Muka fito da ita haske, wasu 'yan ɗige-ɗige ne guda uku na tsatsa ta bayan sandar, kowanne bai fi kan allura ba, daidai saitin inda robar ta tsage, kuma daidai wajen da sil ke hawa yana sauka. Ɗaya daga ciki fatar sheƙin ta ɗago ta yi baki mai kaifi. Ya ɗauko kuben hagu ya juya leɓen sabon sil ɗin nan da nace jabu ne, ga zane nan siriri a tsaye kamar an ja reza. Yace sil ɗinka lafiyarsa ƙalau, ko na kamfani ka sa haka za ta yanka shi, ruwan damina ya shiga ta tsagar roba ya kwanta ya ci ƙarfe, yashi ya biyo baya, ga nauyin buhu kullum yana tura sandar har wajen. Wallahi jikina ya yi sanyi, don robar da na raina ita ce mafarin komai, kuma kuɗinta bai kai na litar fetur biyu ba.

Kafin mu yanke shawara ya sa aka ciro gilashin taga guda ɗaya muka kwantar, muka mirgina kowace sanda a kai muna leƙen ƙasanta ko haske zai ɓullo. Duk biyun sun mirgina sumul. Yace a littafin gyara lanƙwasar da ta wuce milimita 0.2 ma ba a yarda da ita ba, kuma sandar da ta taɓa lanƙwashewa sosai har sheƙin ya tattare shi ba ya miƙar da ita ko an biya shi, don ta riga ta mutu a wajen, wata rana a guje za ta ƙarasa.

A nan muka ɗan saɓa. Ni nace a haƙura a jingine mashin sai na sayo sabuwar sanda, shi yace riɗinka na gona kana buƙatar mashin gobe, ramukan ƙanana ne za su gyaru su kai ka wani lokaci. Nashi aka bi. Ya sa samfefa mai laushi sosai, lamba 1000, ya jiƙa ta da mai ya riƙa shafar bakin ramin a zagaye, ba a tsaye ba, har kaifin ya kwanta, ya wanke wajen ya bushe, ya cike ramukan da gam ɗin nan mai haɗi biyu da tsinken ashana, muka ajiye ta a ɗaki sai washegari ya sake bi da samfefa har farce ya daina jin komai. Har yanzu ra'ayina shine wannan dabarar ta jiran kuɗi ce, in ramukan sun yi yawa ko sun yi faɗi ɓata lokaci ne, shi ma kawu bai musa ba.

Saboda gam ɗin aikin ya kwana. Da yamma muka cire silolin, aka fara zare kilif da bakin ƙaramin sukundireba, sannan ya sa aka zuba wa bakin kuben ruwan zafi, alminiyam na saurin buɗewa da zafi, muka sa ƙarfen cire taya a ƙarƙashin sil muka tokare da guntuwar tsohuwar taya a gefen kuben don kada ya lotsa, kaɗan nan kaɗan can har ya fito. A nan ya nuna min wani ɗan karce da sukundirebata ta yi a mazaunin sil a karon farko, Allah ya sa bai yi zurfi ba. Muka wanke komai da kananzir, gindin kuben dama akwai laka baƙa da ta kai kaurin yatsa, sai da na ɗaura tsumma a kara na yi ta sakacewa, ramukan fistin kuma na busa su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari haɗawa. Fistin da ƙaramin sifirin cikin sanda, ɗan ƙoƙo a ƙarshensa, a zura cikin kube a hankali, noti da sabuwar washar jan ƙarfe, don tsohuwar in ta riga ta matsu takan yi yoyo ta gindi mutum ya rasa daga ina man ke fita. Sil kuma gefen da ke da rubutu shi ke kallon sama, gefen ɗan sifirin yana kallon mai, in ka juya shi ranar zai zubar. Ya sa na shafa wa leɓen man shok, na rufa wa kan sandar ledar burodi sannan na zura sil ɗin ta kanta, saboda bakin sandar na da kaifi, ni a karon farko haka na tura shi tsirara. Wajen bugawa guntun fayif ɗin roba na famfo muka samu wanda sandar ke shiga cikinsa, muka ɗora tsohon sil a kan sabon muka riƙa bugawa a hankali ta ko'ina daidai, har ƙarar ta canza ta koma ɗum kuma ramin kilif ya bayyana gaba ɗaya a zagaye. Kilif ya faɗa da ɗan ƙas, ya sa na juya shi da sukundireba a cikin raminsa don a tabbatar ya zauna.

Awon mai, uwargida ce ta taimaka, ashe littafin da aka bamu tare da mashin yana cikin akwatinta a leda ɗaya da rasit. Abin da aka rubuta na kowace ƙafa bai kai rabin kwalbar lemo mai mil 350 ba, ni kuwa da na kusa cika ƙafar. Da sabon sirinji babba na kemis muka auna, muka zuba, na riƙa tura sandar ina jawowa a hankali kamar sau goma har kumfa ta daina tasowa naji ta fara riƙewa tun daga sama har ƙasa. Sannan kawu ya ƙara da nasa awon, sanda a nutse gaba ɗaya, babu sifirin a ciki, ƙafar a tsaye, ya zura tsinken tsintsiya mai tsabta daga baki ya ga inda mai ya taɓa, ya gwada a ɗayar, ta dama ta ɗan fi da kaɗan muka zuƙe da sirinji har suka zo ɗaya. Yace ko ka rasa littafi, ka tabbatar dai biyun sun yi daidai da juna.

Muka sa sifirin da murfi, sababbin robobi da 'yan ramukan shan iskarsu suna kallon baya, muka mayar da ƙafafun daidai alamar ƙusa. Shaf ya shige da hannu ba guduma, yace wannan ita ce shaidar ƙafafun sun yi tsayi ɗaya. Takalmin birkin da ya sha mai bai yarda a wanke a mayar ba, yace mai ya riga ya shige cikinsa, in ya yi zafi zai sake tsattsafowa, muka sa sabo muka goge cikin dorom ɗin birkin, inda takalmin ke kamawa, tas. Kafin a ƙarasa ɗaure notunan ya sa muka sauke mashin ƙasa, na kama birki na danna gaban sau shida ko bakwai don komai ya nemi mazauninsa, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka ɗaure, ya sake bi da hannunsa. Tsohon man ya juye a gora ya tafi dashi, wai zai shafa wa dirkokin rumfarsa saboda gara.

Yau wata huɗu kenan, na kwashe riɗi na kwashe gero, na je Gujungu ban san adadi ba, Maigatari sau uku. Gaban ya dawo yana nutsewa a hankali yana tasowa a hankali, a yashi kan ya daina rawa, birki na ci. Duk ranar Juma'a in na wanke mashin nakan ɗaga robar hagu in shafa yatsa, ta dama a bushe take ƙayau, ta hagu a satin nan na fara ganin ɗan danshi siriri a sandar, bai kai ga gangarowa ba. Na nuna wa kawu yace gam ɗin ne ya fara gajiya, in ba so nake in sake sayen takalmin birki ba kada in bari damina ta same ni da ita. Na riga na ware buhu ɗaya na riɗi saboda sanduna biyu da sil biyu, ranar Lahadi mai zuwa in Allah ya kaimu zan shiga da tsohon sil a aljihu.